"Iya ruwa fidda kai": rufe shago ake nufi?

Abu Sadik: Jama'a ku raba mu. Jiya muka yi sa-in-sa da yayana. Ciniki ya ja baya, abin da muka sayar kuɗinsa ba ya sake saro irinsa. Ya ce mu karyar da kaya, mu sallami yaron shago, mu rufe, wai iya ruwa fidda kai. Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Malam Buba: Yayanka bai kauce ba. Kan da ake faɗa shi ne uwar kuɗi. Shago ana sake buɗe shi, jari kuwa in ya nutse sai salati.

Maman Ilham: A'a Malam, wanda ya gudu daga ruwa ba shi ne gwani ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, allura da zare da sabulu take sayarwa. Gwangwani biyu gare ta ƙarƙashin gado, na uwa da na riba. Shekarar da aka shiga matsi sai ta daina saro duk abin da ke kwana, ta tsaya kan sabulu. Ba ta iya rubutu ba, kowane mai bashi da zarensa, in ya kai ƙulli uku ba ƙari. Ran da babana ya zo neman rance daga gwangwanin uwa, 'yan kunnenta ta cire ta miƙa masa, gwangwanin ko taɓa shi ba ta yi ba.

Ɗan Autan Hajiya: Su o'o ai sun fi kowa iya ruwa. Sun fidda kansu da 'ya'yansu, mu muna tsakiyar kogi.

Baban Nana: Har kwalekwalen suka tafi da shi, sai lokacin zaɓe su dawo da igiya.

Malam Buba: Ku bar wasa. Lehman Brothers, wani babban banki a Amurka, ya shekara 158 kafin ya rushe a Satumbar 2008. Bashi ya yi masa katutu, kuɗin hannu ya yanke. Abu Sadik, ka zauna da mai haya tun kafin wa'adi, kuma ka sa farashi bisa sarin gobe, ba na jiya ba.

Abu Sadik: Na gode Malam. To yaron fa? Mahaifiyarsa yake ciyarwa. Shi ba kai ba ne?

Baban Nana: Ni dai Hajiya, 'yan kunnen nan sun dawo kuwa?

Maman Ilham: Ɗaya ya dawo, yana wurina har yanzu.