Neman kalmar Hausa: mi za mu ce ma "aiptasia"?

Salamu alaikum jama'a, ku taimaka min da suna. Ƙanena da ke aiki Legas ya haɗa akwatin kifi na gilashi, amma ba irin na tarwaɗa ba, na ruwan teku ne wanda aka saka murjani mai rai ciki. Jiya yat turo bidiyo shina ta ƙorafi wai aiptasia ta ɓullo mai, ni ko ina zaune gaban Baba nan Argungu, Baba yac ce mi yaron ga ka hwaɗi ne, sai na tsaya ina inda-inda don wallahi ban da kalmar.

"Coral" dai ba gardama, murjani ne, har cikin Suratur Rahman an ambace shi tare da lu'ulu'u, sai dai mu busasshen munka sani na wuyan amare, ba mu san dabba ce mai ci da girma ba. "Reef" ni na ce tudun murjani. Tsibiri bai yi ba don shi tsibiri sama ga ruwa yake.

To ita aiptasiar ga, ga kamanninta yadda na gani: wata 'yar aba ce ruwan ƙasa-ƙasa, kana hango haske ta jikinta, ta kafe gindi cikin ramin dutse ta baje hannuwa sirara awa gashin masara, da yaron ya kai tsinke kusa sai ta shige rami tsulum. Ba shi yas saye ta ba, biyo dutsen da yas sayo ta yi. Harbi gare ta, duk murjanin da ke maƙwabtaka da ita sai ya tsuke ya ƙi buɗewa. Abin da yaf fi ban haushi, in ka kankare ta da wuƙa kowane guntu da yar rage sai ya tashi sabuwa, ya kankare guda ukku satin da yaw wuce yanzu shina ƙirga goma sha.

Ni da farko ƙudujin murjani na ce, tunda duk manomin dawa ya san baƙin cikin ƙuduji. Wani malami cikin masu sharhi ya rubuto: "Malam ka duba dai, ƙuduji saiwa yaka kamawa ya tsotse, wagga ba ta tsotso, harbi takai." Gaskiya tai, na janye. Wata 'yar'uwa daga Yauri ta ce kainuwar teku, don kainuwa dashen Allah ce ba mai shuka ta, sunan ya yi min daɗi ƙwarai amma kainuwa yawo takai bisa ruwa, kuma ba ta cutar maƙwabci da harbi.

Baba ne yar raba gardama, ko kallon wayar bai sake yi ba. Yac ce abin da in ka sare shi ka ƙara mai yawa ai ƙiri-ƙiri ne, ka daddatsa shi da hauya ka bar guntaye cikin gona, ruwa guda ya sauka ka ga aikinka. Ni dai nan na tsaya: ƙiri-ƙirin teku. Na san ba ciyawa ba ce, dangin murjanin ce ma ita kanta, amma wanda yaj ji sunan ga ba ya ɗaukar wuƙa, shi kenan abin da nika so.

Maganinta, ga mai son sani, ana cika sirinji da wani farin kwaɓi da suka kira kalkwasa a ɗura mata a baki, ko a saki jatan lande mai jan zane da suka ce ma peppermint, ko wani ɗan dodon koɗi marar ƙoƙo, berghia, wanda bai cin komi duniya sai ita, ranar da ta ƙare shi ma yunwa ta kashe shi. Sabon murjani kuma a tsoma shi ruwan magani a killace shi akwati daban kahin ya shiga babba, killacewa dai korona ta riga ta koya muna kalmar.

Saura guda da ban gamsu ba, "cycling". Wato ka haɗa ruwa, gishirin teku kamar giram 35 kowace lita, ba na miya ba, ka sa dutse ka bar shi sati 4 zuwa 6 ba kifi, har ƙwayoyin halittar da ke juya amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa nitirat mai ƙarancin illa su hayayyafa. Ni tsima ruwa nika cewa, Inna ta ce a'a wannan ai sa iri ne kamar yadda aka zuba tsohon nono cikin madara ta kwana. In haka ne "live rock", wato dutsen da ke zuwa da ƙwayoyin ga jikinai, ya zama dutsen iri kenan, ya ma fi dutse mai rai da wasu ke cewa. Masu nono ku zo ku hwaɗi naku.

Baba kuma da yaj ji wai ruwan dole ya tsaya digiri 24 zuwa 26, dariya yay yi yac ce a gaya ma yaron kar ya kuskura ya kawo shi gida watan Afrilu.