Churchill gwarzo ne ko ba gwarzo ba? Cacar bakin da ta ɓarke a zaurenmu

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Wallahi yau raina a ɓace yake shi ya sa na kawo maganar nan. Da safe a teburin mai shayi ana hirar zaɓe sai na ce a duba Winston Churchill, mutumin da ya karɓi Birtaniya ranar 10 ga Mayu 1940 lokacin Hitila na haɗiye ƙasashen Turai ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe su har aka ci yaƙi, amma da aka zo zaɓen Yuli 1945 talakawa suka juya masa baya suka zaɓi Clement Attlee na jam'iyyar Leba. Yana tsakiyar taron manyan ƙasashe a Potsdam ya koma gida jin sakamako, ranar da aka faɗa a ranar ya je wurin Sarki ya ajiye mulki, bai ce an yi maguɗi ba bai tara 'yan daba ba, ya koma kujerar adawa ya zauna shekara shida sai 1951 ya sake hawa. Na ce gwarzo irin wannan ya kamata 'yan siyasa su kalla, kawai sai wani yaro da na yi jika da shi ya ce min bawan Turawa a gaban mutane. Ko rabin shayin ban sha ba na tashi na bar biredina a wurin. Don Allah laifi ne in ce a koyi karɓar kaye?

Auwalu Tela: Wa alaikumus salam Baba, ka yi haƙuri, yaron bai da tarbiyya. Amma gwarzo??? A'a gaskiya nan kam ban bi ka ba.

Maman Ummi: Ni ma kalmar ce ta tsaya min a wuya. Gwarzon wa? A 1943 yunwa ta kashe mutum wajen miliyan uku a Bengal ta Indiya yana firaminista, jami'ansa na can suna ta roƙon a turo jiragen hatsi gwamnatinsa na jan ƙafa, abin da aka turo bai kai ko kusa da abin da suka nema ba. Uwar da ta binne 'ya'yanta a shekarar ka je ka ce mata gwarzo ne.

Baban Khalifa: Hajiya ni maganar zaɓe nake yi fa.

Injiniya Sani: Hajiya a yi adalci. Japan ta kama Bama a 1942, daga can shinkafa ke shigowa Bengal, ga guguwa da ta lalata amfanin gona a ƙarshen shekarar, ga 'yan kasuwa sun ɓoye abinci, ga jiragen ruwa Jamusawa na nutsar da su kullum. Mutum na yaƙin a mutu ko a yi rai za ki ɗora masa komai shi kaɗai? Kuma gwarzo a Hausa ai jarumta ake nufi ba waliyyi ba, mutum zai iya zama gwarzo kuma yana da zunubi.

Maman Ummi: Injiniya kar ka koya min Hausa, da ita aka yaye ni. Ba a ce wa azzalumi gwarzo, sai dai a ce ƙaƙƙarfa ko mai taurin kai.

Auwalu Tela: To ai har gwarzon ɗan ƙwallo ana cewa, shi ma sai an binciki halinsa? 

Maman Ummi: Kai Auwalu ɗazu ba kai ka fara cewa ba ka yarda ba? Tsaya wuri ɗaya ƙanena.

Ɗan Mai Wurno: Ina gaishe ku daga Sudan. Mu nan ba a makaranta muka fara jin sunan mutumin nan ba. Ranar 2 ga Satumba 1898 a Karari kusa da Omdurman yana cikin sojan doki na Kitchener kwamandan Turawa yana ɗan shekara 23, aka sa bindiga mai ruwa aka kashe mutanen Khalifa Abdullahi magajin Mahdi sama da dubu goma kafin azahar, su kuma ɓangaren Turawa ko hamsin ba su rasa ba. Bayan haka aka rusa ƙubbar Mahdi aka tone kabarinsa. Wanda ya hau doki a wannan rana shi ne za a kira min gwarzo?

Injiniya Sani: Ɗan uwa ka faɗi rabi ka bar rabi. Shi Churchill ɗin da kansa ya rubuta yana sukar Kitchener kan tone kabarin da yadda aka yi wa waɗanda suka ji rauni, kuma ya yaba jarumtar mutanen Mahdi. Ƙaramin hafsa ne a lokacin, ba shi ya ba da oda ba.

Ɗan Mai Wurno: Ya ci naman sannan ya ce wuƙar ba kyau.

Sadiq Gwale: Ni dai abin da na sani duk surutu ne da taba sigari ƙatuwa a baki. Rasha ce ta ci yaƙin nan, mutum wajen miliyan 27 suka rasa, Amurka ta kawo kuɗi da makamai, shi kuwa sai jawabi a rediyo. Kuma ku duba tarihinsa, ya shiga majalisa a 1900 a jam'iyyar 'yan mazan jiya, 1904 ya tsallaka Libaral, 1924 ya sake dawowa inda ya baro. Da a nan ne da tuni kun ce masa ɗan canjin sheƙa mai bin inda romo yake.

Injiniya Sani: Sadiq lokacin da Faransa ta faɗi a Yuni 1940 ina Rashar take? Tana da yarjejeniya da Hitila tun 1939, sai da ya afka mata a Yuni 1941 ta shigo. Amurka sai Disamba 1941. Shekara guda cur wa ya tsaya? A cikin ministocinsa akwai masu son a nemi sulhu, shi ya ce a'a. Wannan jawabin da kake rainawa shi ya hana mutanen Landan karaya ana yi musu ruwan bama-bamai dare bayan dare.

Sadiq Gwale: To in gwarzon yaƙi ne ina labarin Gallipoli 1915? Shi ya matsa a je a yaƙi Daular Usmaniyya ta ruwa, aka yi asarar dubban sojoji aka dawo hannu rabbana, har sai da ya rasa kujerarsa ta ministan sojan ruwa.

Bello Na Sakkwato: Kai tsaya malam. Wace Daular Usmaniyya aka yaƙa ta ruwa? Sakkwato a 1903 Turawa suka shige ta kuma a ƙasa aka yi, a Giginya. Ku riƙa bincike kafin ku taɓa tarihinmu.

Sadiq Gwale: Ta Turkiyya nake nufi Malam Bello, ba ta Shehu ba. Ba komai ne a kanku ba.

Bello Na Sakkwato: To sai ka fayyace. Ku Kanawa haka kuke, garinku ma ai shi aka fara ci a Fabrairu kafin a iso mu a Maris.

Sadiq Gwale: Yanzu me ya kawo Kano cikin maganar nan fisabilillahi?

Malama Hadiza: Tunda an zo gida bari in sa baki, don akwai inda Churchill ya taɓa ƙasar nan kai tsaye kuma ba kowa ya sani ba. Daga ƙarshen 1905 zuwa 1908 shi ne ƙaramin minista a ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka. A Fabrairu 1906 mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka yi bore suka kashe Turawa uku da sojoji, a Maris Gwamna Lugga ya tura runduna aka shafe garin, an kashe mutum wajen dubu biyu, akasarinsu da fartanya da gatari suka fito. Da rahoto ya isa Landan Churchill ya yi rubutu a fayil yana nuna ƙyamar abin, yana tambayar da wace fuska za su tsawata wa wasu alhali ana irin wannan a ƙarƙashin ikonsu. Wannan yana cikin takardu. Amma a fayil ɗin maganar ta tsaya, ba a hukunta kowa ba, Lugga ma gwamnan Hong Kong aka ba shi a 1907 ya kuma dawo mana a 1912. To ku auna da kanku.

Injiniya Sani: Kun gani ko! Na gode Malama. Mutum mai tausayi ke nan.

Maman Ummi: Tausayin biro da takarda. Mutum dubu biyu a ƙasa shi yana sa hannu a fayil.

Sadiq Gwale: Kuma a faɗi gaskiya Satiru ba Turawa kaɗai suka yi ta ba, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu yana tare da su, dakarun sarakuna sun je, har aka la'anci wurin aka hana sake zama.

Bello Na Sakkwato: Sadiq ka kiyayi bakinka. Kai wa ne ne da za ka kama sunan Sarkin Musulmi gatsau? Shekara uku kacal da shahadar Attahiru na farko a Burmi, bindiga na kan kowa, me kake so ya yi, ya sa a ƙone Sakkwato gaba ɗaya? Shugaban zaure a ja masa kunne ko ni in fita.

Ɗan Mai Wurno: Kakanninmu dai ba su zauna ba, daga Burmi suka bi ɗan Sarki Attahiru na farko suka yi gabas har bakin Shuɗin Nil. Ban ce komai ba, na dai faɗi abin da ya faru.

Bello Na Sakkwato: Ka ce komai mana, mun ji ka sarai.

Garba Direba: Ku yi haƙuri ni ba mai boko ba ne sosai amma kakana ya je yaƙin Bama, yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Na taso na ga lambobinsa guda biyu a cikin wani gwangwanin taba a ƙasan adakarsa, ƙyallen jikinsu duk ya koɗe, in ya ji daɗi sai ya fito da su ya goge da toka ya ba mu mu riƙe. Yana ba mu labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi da kayan da suke ɗauka a ka cikin daji, ya ce har Turawan hafsoshi Hausa suke yi musu. Albashinsu bai kai na farar fata ba, ya dawo da ciwon ƙafa, ya yi ta sintiri ofis kan haƙƙinsa har ya gaji ya koma gona. Ban taɓa jin ya zagi Churchill ba ban kuma taɓa jin ya yabe shi ba. In dai ana rabon kalmar gwarzo ne a fara ba tsohon nan.

Maman Ummi: Allah ya jiƙansa Garba. Ka gama magana.

Injiniya Sani: Amin. Amma kakan naka ai a ƙarƙashin wa ya yi yaƙin? Gwarzo ne ya bi gwarzo.

Garba Direba: Injiniya ba a tambaye shi ba, mai gari aka ce ya kawo matasa.

Baban Khalifa: Jama'a har yanzu ba wanda ya amsa min tambayata. Leba ta ci kujera 393, mutumin ya tattara ya bar gidan gwamnati ba hayaniya. Shi ke nan abin da na ce.

Sadiq Gwale: Baba ai talakawansu ne suka fi ku saninsa, gida da aiki da asibiti kyauta suke so bayan yaƙi, Attlee ya kawo musu asibitin kyauta a 1948. Kuma a 1951 ma Leba ta fi shi yawan ƙuri'a, kujeru kawai ya fi su. Da ya dawo ɗin me ya yi, ba a lokacinsa aka sa dokar ta-ɓaci a Kenya a 1952 aka cika sansanoni da 'yan Kikuyu ba, ba a lokacinsa aka kifar da firaminista Mossadegh a Iran a 1953 saboda mai ba?

Auwalu Tela: A 1953 ɗin dai ya ci kyautar Nobel ta adabi.

Maman Ummi: Auwalu don girman Allah kai wane ɓangare kake?

Shugaban Zaure, Alhaji Musa: To ya isa haka, dare ya yi. Na karanta duka kuma ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda Churchill namijin duniya ne da ya tsaya wa Hitila lokacin da ba kowa, Injiniya ya kawo hujjoji da shekaru ba wanda ya iya karya su, Malama Hadiza ma ta tabbatar mana ya tsaya wa mutanenmu a kan Satiru. Maganar Indiya da Sudan da Kenya yanayin zamani ne, kowace daula ta yi irin nata. Saboda haka Baban Khalifa, wanda na sani shekara talatin, bai yi kuskure ba da ya ce gwarzo, yaron mai shayi ya nemi gafararsa. Sadiq kuma ka goge abin da ka rubuta kan Sarkin Musulmi kafin safiya, in ba haka ba zan cire ka na sati guda.

Malama Hadiza: Alhaji ranka ya daɗe ban ce ya tsaya wa mutanenmu ba, ka koma sama ka sake karantawa.

Shugaban Zaure, Alhaji Musa: Malama na rufe maganar. Sai da safe.