Tsananin zafi: me kuka gani, kuma yaya kuka yi?

Uwar 'yan uku:
Assalamu alaikum jama'a. An sanar cewa zafin nan zai ɗauki kwanaki bai sauka ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne ko da dare garin ba ya hucewa. Ina da yara ƙanana, ga mahaifiyata tsohuwa a wurina. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa da yadda ya yi.

Magini:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu da muke aiki a fili, in zafi ya kai haka muna farawa da sassafe, mu dakata kafin rana ta take, sai ta yi sanyi mu koma. Ruwa kuwa kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20, ko ana jin ƙishirwa ko ba a ji. Fitsari ne ma'auninmu: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki ya fara bushewa.

Sabon ma'aikaci shi ya fi faɗuwa, don jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Akwai wani yaro da ya zo mana sabo, mai ladabi. Wata rana sai ya fara faɗa da kowa, ana yi masa magana yana amsa wata daban, yana tafiya yana tangaɗi. Wasu suka ɗauka rashin kunya ce. Ba a jima ba ya yanke jiki ya faɗi. Muka ja shi inuwa, muka cire masa riga, muka yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita har mota ta zo. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma sai da ya yi jinyar ƙoda.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, Allah Ya saka muku da alheri, kun yi daidai. Wannan sauyin halin da ka gani shi nake so kowa ya riƙe. Ciwon da zafi ke jawowa mataki biyu ne. Na farko mutum ya galabaita: zufa sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, tsoka tana ɗaurewa, amma yana cikin hayyacinsa. Wannan a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In rabin sa'a ta wuce bai warware ba, a tafi asibiti.

Na biyu shi ne mai kisa. Zafin jiki ya kai digiri 40, mutum ya rikice, yana sambatu, ko ya suma, ko ya yi jijjiga. Kada a tsaya duba ko zufa ta ɗauke, wani yana zufar yake shiga wannan hali. A nemi taimakon gaggawa, kuma a fara sanyaya shi tun kafin a tashi: ruwan sanyi a duk jiki, jiƙaƙƙen tawul a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ma ba ya sauke irin wannan zafin, don ba zazzaɓi ba ne.

Uwar 'yan uku:
Na gode Anti. To Mama fa? Kullum sai ta ce ba ta jin ƙishi.

Jikan Kaka:
Hajiya, haka kakata take. Tsufa yana rage jin ƙishirwa, kuma tsoho ba ya son a ce ya dami mutane. Na daina tambayarta, sai in zauna kusa da ita da kofi biyu mu sha tare. Tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, don haka muka tambayi likitanta yawan ruwan da ya dace da ita. Ba mu taɓa maganin da kanmu ba.

Ina roƙon jama'a a riƙa leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Zafin da aka yi a Turai a 2003 ya kashe mutum sama da 70,000, kusan 15,000 a Faransa kawai, yawancinsu tsofaffi. A Shikago ta Amurka ma a 1995 sama da 700 suka rasu, da yawa an same su su kaɗai a ɗaki, tagogi a rufe. Gaisuwa ta waya ba ta isa ba, a je a ga mutum a ji yadda yake magana.

Ɗalibi:
Ni dai fanka ce gatana, dare da rana.

Magini:
Ɗana, yi hankali. In ɗaki ya kai digiri 40, fanka iska mai zafi take hura maka, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a kan haka. Jiƙa jikinka ko rigarka tukuna, sannan ka kunna ta. A gidana da rana muna sakin labule mu rufe tagogin da rana ke bugawa, sai waje ya fi ciki sanyi mu buɗe ko'ina.

Direba:
Nawa gajere ne. Kada a bar yaro a mota a ajiye, ko da an sauke gilashi kaɗan, ko da za a ce yanzu za a dawo. Cikin minti 10 zafin ciki yana ƙaruwa da kusan digiri 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Mai jego:
Anti ma'aikaciyar jinya, jaririna wata uku, yana ta kuka. In ba shi ruwa?

Ma'aikaciyar jinya:
A'a ƙanwata, ƙasa da wata shida nono ya wadatar. Ki yawaita ba shi, ke kuma ki sha ruwa sosai. Ki rage masa kaya, ki goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle. In ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi, ko fitsarinsa ya ragu sosai, ki kai shi asibiti a lokacin, kada ki jira gari ya waye.