Rufewar bututun jijiya: shawarwari ga ɗaliban likitanci

Bakin malaman ya zo ɗaya: a riƙe kwanaki kafin a haddace sunaye. A mako na 3 bayan shigar ciki farantin jijiya (wani shimfiɗaɗɗen sashe a bayan ɗan tayi) ke bayyana, ya naɗe ya zama bututu, wanda daga baya zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Rufewar tana farawa daga wajen wuya; bakin sama ya rufe wajen kwana na 25, na ƙasa wajen na 28. Idan na sama ya ƙi rufewa, ƙwaƙwalwa ba ta ginuwa, jaririn ba ya rayuwa. Idan na ƙasa ne, ƙashin baya ya zauna a buɗe, wato sifaina bifida. Shi ya sa malaman suka dage kan folik asid (wani bitamin da ke taimaka wa bututun ya rufe), maikirogiram 400 kullum, tun kafin ɗaukar ciki, domin a lokacin mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba.