Gudun yadi 40: shin yana nuna ainihin saurin ɗan wasa a fili?

Sagir_K:
Salamu alaikum. Duk shekara idan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), ta yi taron gwajin sababbin 'yan wasa a Indianapolis, magana ba ta wuce gudun yadi 40. Xavier Worthy ya yi daƙiƙa 4.21 a 2024, aka yi ta yayatawa. To amma wanda ya yi 4.3 lallai ne ya fi mai 4.6 sauri idan an shiga wasa? Masana, a haska mana.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Sai ka fara duba yadda ake gwajin. Yadi 40 kusan mita 36 da rabi ne, miƙe sambal, ba kwana. Ɗan wasa yana durƙusawa da hannu ɗaya a ƙasa, ba hular kwano, ba kayan kariyar kafaɗa, ba wanda zai tare shi. Agogo kuma ba ya tashi da ƙarar bindiga kamar na 'yan tsere, sai shi ya motsa. Ke nan saurin ganin abu da ɗaukar mataki ba ya cikin lissafin sam, alhali mai tsaron gefe, wato mai hana ɗan wasan hamayya karɓar ƙwallon da aka jefo, da shi yake cin abinci: da baya-baya yake farawa, sai ya karanci inda mai karɓar ƙwallo ya nufa, sannan ya juya ƙugu ya bi shi.

Tazarar ma ba ta kai yadda ake zato ba. Tsakanin 4.40 da 4.50 kusan yadi ɗaya ne a ƙarshen layi. Taku guda da aka yi ba daidai ba ya cinye wannan.

A kuma kula da wane ne ya riƙe agogon. A Indianapolis na'urar leza ke tsayar da lokaci, amma a gwajin jami'o'i galibi da hannu ake dannawa, yatsa kuwa yakan makara wajen farawa, sai lokacin ya fito ƙasa da gaskiya.

Ummu_Hanan:
Malam ya gama magana, misali kawai zan ƙara. A 2017 John Ross ya yi 4.22, ƙungiyar Cincinnati ta ɗauke shi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa, rauni ya yi ta damunsa, bai yi abin da aka zata ba. A shekarar nan dai Cooper Kupp 4.62 ya yi, sai ga shi a 2021 ya kama ƙwallo 145, yadi 1,947. Sirrinsa birki ne: yana shiga kwana bai rage gudu sosai ba, ya fita kafin mai tsaronsa ya daidaita ƙafa.

Ɗan Layi:
Kada dai a zubar da gwajin baki ɗaya. Raba shi ake yi. Ga ƙattin da ke ture-ture a kan layin da ake fara wasa, yadi 10 na farko ne abin dubawa, don ba safai suke gudun da ya wuce haka ba. Ga masu yawan shan kwana, a dubi gwajin mazugi uku (gudun kewaya alamomi uku da aka ajiye a ƙasa) da kai-da-komon yadi 5-10-5. DK Metcalf ya yi 4.33 a miƙe, amma 7.38 a mazugi uku, abin da ya sa wasu suka yi masa kallon jirgin ƙasa, mai gudu a miƙe kawai. Duk da haka a 2020 ya kai mil 22.64 a awa lokacin da ya bi Budda Baker, ɗan wasan hamayya da ya tsere da ƙwallo, ya kamo shi. A irin wannan doguwar kora, yadi 40 bai yi ƙarya ba.

Sagir_K:
Shi wannan mil a awa ɗin ta ina ake samo shi?

Malam Habibu:
Akwai 'yan na'urori a cikin kayan kafaɗa da ke aika inda ɗan wasa yake a kowane lokaci. Sai dai shi ma ƙololuwar gudu ce, mai buƙatar fili buɗaɗɗe. Wanda aikinsa gajerun hanyoyi ne zai iya gama wasa bai taɓa mil 20 ba.