"Sannu ba ta hana zuwa": ta dace da wanda ya yi ritaya?

Tsohon Hedimasta: Jama'a, barkanmu da war haka. Tun da na ajiye alli, duk wanda ya gan ni ina takawa a hankali zuwa Misa ta safe sai ya ce, "Baba, sannu ba ta hana zuwa." Amma ai maganar tana da ƙarashe: "sai dai a daɗe ba a je ba." Wannan ƙarashen ne ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya haura sittin, yana da lokacin da zai daɗe bai je ba? Anya ba matasa aka yi wa maganar ba?

Ɗan Katikis: Baba, a gafarce ni, ni ma haka nake gani. Manomi ko ɗan kasuwa mai sauran ƙarfi shi ake ce wa ya bi a sannu. Tsoho kuwa, in akwai wanda ya ɓata wa rai, ko ya daɗe bai je gaban Fada ya furta zunubansa ba, ai yau ya kamata ya tashi. A nan kam sannu tana iya hana zuwa.

Mama Zumunta: Ɗana, ka haɗa sannu da jinkiri, alhali ba ɗaya suke ba. Mai jinkiri bai tashi ba tukuna; mai sannu yana kan hanya. Ka buɗe Luka sura 10. Marta tana ta kai da kawo da hidimar baƙi, 'yar'uwarta Maryamu ta zauna a gaban Yesu tana sauraro, kuma Ubangiji ya ce ita ce ta zaɓi rabo mai kyau. Yawancinmu rayuwar Marta muka yi: aiki, kuɗin makaranta, girki, taron coci. Sa'ad da nake aikin asibiti, kan gado nake jan Rosari, wato carbin addu'armu ta Katolika, barci ya ɗauke ni tun ban kai rabi ba. Yanzu ina tsayawa a kan kowane asiri na rayuwar Yesu da uwarsa da ake tunawa a cikin addu'ar, in yi tunani a kansa kafin in wuce. Addu'ar ba ta sake ba, ni ce na samu sukunin jin abin da bakina yake faɗa.

Malam na Kafanchan: Mama ta yi gaskiya, kuma Ikilisiya kanta ta san haka. Doka ta nemi kowane bishop ya miƙa takardar ajiye aiki idan ya cika shekara 75. Paparoma Benedict na 16 ma, a watan Fabrairu na 2013, yana da shekara 85, ya ce ƙarfinsa ya kasa ɗaukar nauyin, ya sauka, abin da ba a gani ba tun 1415. Ranar da ya bar kujera ya kira kansa matafiyi da ya shiga zangon ƙarshe na tafiyarsa a duniya. Zangon nan ya kai shi har 31 ga Disamba 2022, kusan shekara goma cikin addu'a a wani gidan ibada a Vatican. Wa zai ce bai je ba?

Ɗan Katikis: Na yarda, Malam. Amma shi yana da masu kula da shi. Akwai iyayenmu da fansho ba ya zuwa a kan lokaci, dole su koma gona ko tireda. In ka ce wa irin wannan "sannu ba ta hana zuwa", zai ji kamar ba ka san halin da yake ciki ba.

Mama Zumunta: Wannan kam haka ne, kuma nauyi ne a kanmu. Tun 2021 Paparoma Francis ya ware Lahadi ta huɗu ta Yuli don kakanni da tsofaffi. Bai kamata ta ƙare a wa'azi kaɗai ba. Amma ko a tireda mutum yana iya rage gudun zuciya.

Tsohon Hedimasta: To, na ɗauki duka biyun. Akwai ƙanena da muka yi saɓani a kan gonar gado, wannan ba zan bi shi a sannu ba, makon nan zan je. Malam, Hannatun da ta ga jariri Yesu a Haikali, a wace sura take? Ina so in karanta wa 'yan uwa ranar Lahadi.

Malam na Kafanchan: Luka sura 2, Baba, daga aya ta 36. Ka fara daga aya ta 25 don ka haɗa da labarin Saminu.