Abincin tattabaru da gidansu ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Ƙanena na son kiwon tattabaru guda 20, amma abincin kanti ya yi tsada. Me za a haɗa a gida?

Malam Na Gumel: Wa alaikumus salam. A haɗa dawa mudu 2, gero mudu 2, ɓarzajjiyar masara mudu 1, wake rabin mudu. Waken ne ke sa 'ya'ya saurin girma. Amma a kula, waken da aka zuba wa maganin ƙwari a buhu yana kashe su. Hatsin da ya yi fumfuna kuma a zubar, yana lalata hanta.

A ajiye musu kasko daban mai tsakuwa ƙanana, dakakken gawayi da ɓawon ƙwai. A gasa ɓawon tukuna, a daka. Tsakuwar ce ke niƙa hatsi a ƙundunsu, ɓawon kuma na hana ƙwai mai laushi.

Hajiya Mai Kaji: Malam ya gama magana. Wurin kwanciya kuwa tsohuwar tukunya ta isa, a kwantar da ita a gefe, a ɗaga ta sama saboda kyanwa da ɓera. A barbaɗa toka a ciki, a shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya, ƙuma ba ta son su. Ruwa a galan da aka yanka gefensa, a canza kullum.

Malam Na Gumel: Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai in ka ga tattabara tana murɗe wuya, ɗana, wannan ba na toka ba ne. Ware ta, ka nemi malamin dabbobi.